Lalacewar faifan ƙashin baya: abin da masu bincike ke koya daga akuya, tunkiya da wutsiyar sa

A ƙaramar hukumar Azarori da ke gundumar Madawa, kamar sauran garuruwan Adar har zuwa Buza da Keita, baya shi ne kayan aiki na farko. Da shi ake duƙawa a nome gero da damina, da shi ake dashen albasa a fadama da rani, da shi ake jan guga, a ɗora bido mai lita 25 a ka, a sauke buhun albasar da ya haura kilo 100. Matan da suka yi jigilar duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin Italiya, yau da yawansu sun manyanta. Shi ya sa "ƙuguna ya riƙe" ba baƙuwar magana ba ce a gidan likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma adadin zai kai miliyan 843 a 2050. Babu wata cuta da ta kai shi hana mutane aiki a duniya. Wani kaso na wannan ciwo yana da nasaba da lalacewar wani ɗan faifai da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Don gane yadda yake lalacewa, masu bincike a Turai, Amurka, Asiya da Ostareliya sun daɗe suna amfani da dabbobi. Daga cikin waɗanda faifansu ya fi kama da na ɗan Adam akwai akuya, tunkiya da sa, wato dabbobin da ake ciniki a kowace kasuwar Adar.

Faifan da ake magana a kai

Ƙashin bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne: 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a ƙugu, sannan waɗanda suka manne da juna a ƙasa. A tsakaninsu akwai faifai 23, wanda likitoci ke kira "disque intervertébral" da Faransanci. Duk wanda ya taɓa kallon mahauci yana sara gadon bayan rago ya ga shi: farin abin nan mai tauri da ke tsakanin ƙashi da ƙashi.

Faifan yana da ɓangare biyu. Na waje zobe ne mai ɓawo-ɓawo kamar albasa, ɓawo 15 zuwa 25, kowanne zarensa ya gitta na kusa da shi. Na tsakiya kuwa abu ne mai laushi kamar ƙaron da ya kwana a ruwa, kuma a jikin matashi kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. Idan aka ɗora kaya, tsakiyar ce ke karɓar nauyin ta rarraba shi, zoben kuma ya hana ta fita. Da rana nauyin jiki yana matse ruwan, da dare ya koma, shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe da kamar santimita ɗaya zuwa biyu.

Rauninsa shi ne jini ba ya shiga cikinsa. Abinci da iska suna tsattsafowa ne a hankali ta wani siririn guringuntsi da ke sama da ƙasan faifan. Abin da jini ba ya kaiwa kuwa ba ya saurin warkewa. Da shekaru suka tura, tsakiyar tana bushewa, faifan ya lotsa, zoben ya tsattsage. Wani lokaci abin tsakiyar ya ɓullo ta tsagar ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Wannan shi ne "hernie discale" da ake gani a takardar likita, zafin da ke bin ƙafa kuma shi ne "sciatique". A 1934 ne wasu likitoci biyu na Boston, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna cewa ɓullowar faifai ce ke kawo wannan ciwo kuma ana iya cire ta da tiyata.

Me ya kawo dabba cikin maganar

Lalacewar faifai tana ɗaukar shekaru ashirin, talatin. Ba za a fasa bayan lafiyayyen mutum don a ga yadda ta fara ba. Hoton IRM yana nuna siffa ne kawai, ba ya nuna abin da ƙwayoyin halitta ke yi a ciki. Guntun faifan da ake cirowa a ɗakin tiyata kuma ya riga ya gama lalacewa, kamar mutum ne ya iso bayan gobara ta cinye rumbu yana neman inda wutar ta tashi. A jikin dabba ana iya tayar da cutar a ranar da aka sani, a bi ta mako-mako, a kwatanta faifan da aka taɓa da na kusa da shi da ba a taɓa ba, a kuma gwada magani kafin a kusanci mutum da shi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce: dabba mai ƙafa huɗu, wadda bayanta ke kwance, ta yaya za ta wakilci mai tafiya a tsaye? Theo Smit, wani mai bincike a Amsterdam, ya amsa ta a 2002. Ya nuna cewa don bayan dabba ya tsaya bai lanƙwashe ba, tsokoki da jijiyoyi suna ɗaure shi tamau daga gaba zuwa baya, kamar tsarkiyar baka. Saboda haka faifanta ma matse shi ake yi ta tsawon ƙashin, kamar na mutum. Kafin nan, a 1997, Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa a Ulm ta Jamus sun auna ƙashin bayan tunkiya gaɓa-gaɓa suka tarar lanƙwasarsa ta yi kusa da ta mutum, duk da cewa ƙugun tunkiya yana da ƙashi 6 ko 7.

Yadda ake tayar da cutar

Hanya mafi tsufa ita ce rauni. A 1981 Stephen Lipson da Helen Muir sun soki faifan zomo da wuƙar tiyata, suka bi yadda tsakiyar ke rasa sinadaran da ke riƙe ruwa. A 1990 Orso Osti da abokansa a Adelaide ta Ostareliya suka yi abin da ya fi wannan dabara a jikin tumaki. Ba su taɓa tsakiyar ba, gefen zoben kawai suka ɗan yanka, suka jira har wata 18. Bakin raunin na waje ya yi tabo, amma tsagar ta ci gaba da cin ciki har ta kai tsakiya. Wannan bincike ya nuna cewa ƙaramin rauni a gefen faifai yana iya zama mafarin lalacewar da ba za ta bayyana ba sai bayan lokaci mai tsawo. A 2005 Koichi Masuda a Chicago ya sauƙaƙa aikin da allura: gwargwadon kaurin allurar da aka soka wa zomo, gwargwadon saurin lotsawar faifan. Yau ita ce hanyar da aka fi bi, saboda arha da sauri.

Hanya ta biyu ita ce nauyi, kuma ita ta fi kusa da rayuwar manomi da ɗan dako. A 1998 Jeffrey Lotz a San Francisco ya sa wa wutsiyar ɓera wani ƙarfe mai matse ƙasusuwa biyu, shekara guda bayan haka James Iatridis a Vermont ya yi irinsa da ɓera babba. An zaɓi wutsiya ne don ita ma ƙashin baya ce, tana da faifai, kuma ana kai mata ba tare da buɗe ciki ba. Abin da ya fito shi ne matsi mai yawa da ba ya sassautawa yana kashe ƙwayoyin faifan. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa matsi matsakaici mai zuwa yana tafiya, irin na tafiyar ƙafa, faifan yana jure shi, har ma yana amfana da shi. A shekarun baya an taɓa yanke wa jariran ɓeraye ƙafafun gaba don a tilasta musu tafiya a tsaye. An daina yawan yin haka, saboda rashin tausayin da ke ciki.

Hanya ta uku ita ce sinadari, kuma a nan akuya ta shigo. A 2007 Roel Hoogendoorn da abokan aikinsa a jami'ar Vrije ta Amsterdam suka yi wa awakin madara na Holand allurar wani sinadari mai suna chondroitinase ABC a tsakiyar faifan ƙugu. Ana samun sinadarin ne daga wata ƙwayar bakteriya, aikinsa kuma shi ne narkar da abin da ke riƙe ruwa. Cikin mako 12 faifan ya lotsa ya yi duhu a hoton IRM, a hankali, kamar yadda na mutum ke yi a farkon cutar. Abin dariya a nan shi ne a 2018 ƙasar Japan ta amince da wannan sinadari a matsayin maganin "hernie discale": abin da ake ɓata faifan akuya da shi, da shi ake motsar da ɓullin da ya danne jijiyar mutum.

Akwai kuma dabbobin da cutar ke kama su da kanta. Wani ɓeran hamada, Psammomys obesus, da ke rayuwa a Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya yana cin ganyaye masu gishiri, faifansa yana lalacewa da tsufa ba tare da an taɓa shi ba. Ruth Silberberg ta bayyana hakan a 1979, daga baya Helen Gruber ta shafe shekaru tana nazarinsa a Amurka. Sai karnukan Turawa masu gajerun ƙafafu da dogon baya, irin wanda Faransawa ke kira teckel. Tun 1952 likitan dabbobi Hans-Jørgen Hansen a Stockholm ya nuna cewa faifansu yana taurara tun suna ƙanana, a 2017 kuma masu bincike a jami'ar Kaliforniya da ke Davis suka gano ƙwayar gadon da ke jawo hakan. Amfanin waɗannan karnuka shi ne marasa lafiya ne na gaske, masu su ne ke kai su asibitin dabbobi.

Dalilin da ya sa akuya ta fi ɓera

Girma yana daga ciki. Faifan ɓera bai wuce ƙwayar dawa ba, abinci yana ratsa shi nan da nan. Na mutum kuwa faɗinsa ya kai santimita huɗu zuwa biyar a ƙugu, ƙwayoyin da ke tsakiyarsa suna nesa da jini, kullum a bakin yunwa suke. Maganin da ya yi aiki a ƙaramin faifai yana iya kasa kaiwa tsakiyar babba.

Amma babban dalilin wasu ƙwayoyi ne da ake haifar jariri da su a tsakiyar faifai, ragowar wata igiya da ake kira notochorde wadda ƙashin bayan ɗan tayi ke ginuwa a kanta. Manya ne, cike da ruwa, kuma ana ganin su ne ke kare faifan. A jikin mutum suna ɓacewa kafin ya kai shekara goma ko kusa da haka. Ɓera, zomo da alade suna riƙe nasu har su girma, wato faifansu ya fi kama da na yaro. Tunkiya, akuya da sa kuwa suna rasa nasu da wuri, kamar mutum. Wanda ya gwada magani a zomo ya ga faifan ya farfaɗo, dole ya tambayi kansa ko maganin ne ya yi aiki ko kuwa waɗannan ƙwayoyin da babban mutum ba ya da su.

Me ya sa to har yanzu aka fi amfani da ɓera da zomo? Kuɗi da lokaci. Ana ajiye ɓeraye ɗari a ɗaki guda, ana iya canza musu ƙwayoyin gado, tunkiya kuwa tana buƙatar garke, ciyawa, likitan dabbobi da ɗakin tiyata irin na mutane. A nan ne mutumin Nijar zai yi murmushi, don abin da ke da tsada a Amsterdam shi ne ya cika gidajen Madawa. Ƙasar tana da jar akuyar Maraɗi, wadda aka buɗe wa cibiyar kiwo tun farkon shekarun 1960, tana da balami, uda da ara-ara. Sai dai dabbar ita ce mafi arha a lissafin. Na'urar IRM, ɗakin nazarin ƙwayoyin halitta, wutar da ba ta yankewa da ma'aikatan da suka ƙware su ne ke cin kuɗin.

Akwai wata hanya da ba ta buƙatar dabba mai rai. Wutsiyar sa, wadda ake sayarwa don farfesu, tana da faifai manya masu kama da na ƙugun mutum. A cibiyar bincike ta AO da ke Davos a ƙasar Suwis da wasu wurare, ana karɓo wutsiyar daga mayanka da zafinta, a ciro faifan da guringuntsinsa, a sa shi cikin wata na'ura mai ba shi ruwan abinci tana matsa shi tana saki kamar yini da dare. Ƙwayoyinsa suna iya rayuwa makonni a haka. Wannan ya dace da ƙa'idoji uku da William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa a Ingila a 1959, waɗanda Tarayyar Turai ta sa cikin dokarta a 2010: a maye gurbin dabba in da hali, a rage adadinta, a kuma rage mata wahala da maganin barci da na kashe zafi.

Inda dabba ta yi gaskiya, da inda ta yaudari masu bincike

A 1963 Lyman Smith, wani likitan ƙashi a jihar Illinois, ya yi wa zomaye allurar chymopapaïne, sinadarin da ake samu a ƙaron gwanda, ya ga tsakiyar faifan ta narke. Shekara guda bayan haka ya ba da rahoton gwajinsa a kan mutane. Amurka ta amince da maganin a 1982, an yi wa dubban mutane, ya kuma taimaki da yawa. Amma wasu jikinsu ya ƙi shi har ya kai ga rasa rai, wasu suka shanye, a 2003 aka daina sayar da shi. Zomo ya nuna cewa maganin yana narkar da faifai, bai nuna haɗarin da ke jiran mutum ɗaya cikin ɗaruruwa ba.

Labari na biyu daga Göteborg ta Suwidin yake. A 1993 Kjell Olmarker ya ɗora abin tsakiyar faifai a kan jijiyar alade ba tare da ya danne ta ba, jijiyar kuma ta lalace. Aka gane cewa ba danniya kaɗai ke kawo "sciatique" ba, har da kumburin da sinadaran faifan ke tayarwa. Wannan gaskiya ce da ta tsaya har yau. Amma da aka gwada wani magani mai tsada da ke toshe ɗaya daga cikin sinadaran a kan marasa lafiya a Finland, sakamakon da ya fito a 2005 bai fi na ruwan gishiri ba. Haka ma sinadaran girma da suka maido da tsawon faifan zomo, da ƙwayoyin asali da suka gyara na tumaki: an kai wasunsu gwajin mutane, amma ba su zama maganin da ake rubutawa a asibiti ba. Duk mai tallar allura ko gari yana cewa "yana sabunta faifan baya, an gwada a Turai", ya kamata a tambaye shi a jikin wa aka gwada.

Matsalar da ta fi kowacce ita ce zafi. Akuya ba ta cewa bayanta na ciwo, kuma dabbar da ake farauta ta saba ɓoye rauninta. A jami'ar McGill ta Montréal, Laura Stone da abokan aikinta sun yi ta lura da ɓerayen da aka cire wa wata ƙwayar gado mai suna SPARC, suna auna yadda suke ƙin miƙe baya da yadda ƙafarsu ke gudun sanyi, don su fassara ciwon. Ko a jikin mutum ma faifai da zafi ba kullum suke tafiya tare ba. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya tarar da alamun lalacewar faifai a kashi 37 cikin 100 na ƴan shekara 20, da kashi 96 na ƴan shekara 80. Wanda ya je Yamai ko Maraɗi ya biya kuɗin sikana aka rubuta masa "discopathie dégénérative", sau da yawa furfurar ƙashi ce aka gano masa.

Sannan dabbar gwaji ƙarama ce, ƙoshiya, lafiyayya, an soke ta rana ɗaya. Babu gwajin da ya kwaikwayi mace mai shekara hamsin da ta fara ɗaukar ruwa tana ƴar bakwai, ta haihu takwas, ta yi daka kullum. Binciken tagwaye da Michele Battié da Tapio Videman suka yi a Finland, wanda ya fito a 1995, ya tarar gado ya fi nauyin aiki tasiri a kan lalacewar faifai, ko da tagwayen sun yi sana'a daban-daban. Sakamako ne mai ƙarfi, amma aikin ƙarfi a Finland da aikin ƙarfi a Adar ba ma'auninsu ɗaya ba.

Abin da ya shafi mai ciwon yau

Wani awo da Wilke ya yi a 1999, wannan karon da na'ura a cikin faifan ƙugun mutum mai rai, ya fi gwaje-gwajen dabbobi da yawa amfani ga ɗan dako. Matsin da ke kan faifan mutum a tsaye ya ninka na kwance sau biyar. Idan ya sunkuya da baya a lanƙwashe ya ɗaga kilo 20, matsin ya ninka na tsaye fiye da sau huɗu. Idan ya durƙusa da gwiwa ya ɗaga, yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, idan kuma ya riƙe kayan manne da jikinsa, bai kai rabi ba. Taba ma tana da hannu: a tagwayen Finland, mai shan sigari ya fi ɗan'uwansa lalacewar faifai.

Yawancin ciwon ƙugu yana lafawa cikin makonni, kuma kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara shi. A watan Disamba na 2023 OMS ta fitar da jagora kan ciwon ƙugu mai daɗewa. Ta ba da shawarar motsa jiki, aikin kine, tausa da magungunan kumburi na ɗan lokaci, ta kuma ce kada a riƙa amfani da ɗamarar ƙugu, jan baya da na'ura, da magunguna dangin tramol.

Akwai ciwon bayan da ba na faifai ba ne, kuma a yankin makiyaya da manoma bai kamata a manta da shi ba. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, likitoci suna kiransa "mal de Pott", yana zuwa da rama, zufar dare, wani lokaci da ƙusumbi, kuma maganinsa kyauta ne a Nijar. Cutar brucellose, da ake ɗauka ta ɗanyar madara ko taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari, ita ma tana sauka a ƙugu da zazzaɓi. Ciwon baya da zazzaɓi ko rama, ƙafar da ke mutuwa, fitsari ko bayan gida da ya riƙe ko yake zuba ba a sani ba, ko mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, duk ba na jira ba ne. Mutumin Azarori zai fara da CSI mafi kusa ko asibitin gunduma na Madawa. Asibitin Galmi, da ke aiki tun 1950, yana kan hanyar Ƙonni, babban asibitin jiha yana Tawa, tiyatar jijiya da ƙashin baya kuma a Yamai aka fi yin ta.